Sunan da Koci Harun Ya Bayar

A Rusholme, wata unguwa a Manchester, ba a cika kiran Malam Harun da sunansa ba. Koci ake ce masa, daga yaran da ya horar har iyayensu, har da mai shagon nama na kan Wilmslow Road wanda bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu idan sanyi ya shigo. Aikin da yake ci da iyalinsa daban ne, hoton ƙashi yake ɗauka a wani asibiti a cikin gari. Amma in ka zauna da shi hira, ba zancen asibiti zai fara yi maka ba.

A Tudun Wadan Zariya aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Ubaidullah, hedimastan firamare ne, mutum mai tsare gida. A makarantar uban Harun ya yi karatu, kuma abin da ya fi tunawa shi ne, in aji ya yi laifi da shi ake fara bulala, in aji ya yi abin yabo sai a tsallake shi a ambaci na kusa da shi. Wata shekara ya zo na ɗaya, ranar raba kyaututtuka uban ya miƙo masa littafin kyauta fuskarsa na kallon wani gefe, ko hannu bai ba shi ba. Harun bai taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kowa a unguwar ya san abin da ake nufi. Ɗan fari ne, kuma mutumin kirki ba ya yabon ɗansa a bainar jama'a. Yakan ji dattawa a ƙofar masallaci suna cewa hedimasta ko ɗansa ba ya ɗaga wa ƙafa, sai ya ji daɗi ya rufe shi kamar shi aka yaba.

Ƙwallon kwando kuwa a Samaru ya koya, a wani filin siminti mai tsage-tsage, wajen wasu dogayen ɗalibai 'yan Jos da Binuwai. Ya yi suna daidai gwargwado kafin gwiwa ta ci amanarsa. Daga nan ya riƙe karatu, karatun ya kawo shi Manchester, aiki ya zaunar da shi. Ya koma gida ya auro Zubaida, 'yar Kano, suka kama flat a wani layi bayan Wilmslow Road, inda ƙarar bas ba ta yankewa. Da Allah ya ba su ɗa namiji sai ya mayar da sunan mahaifinsa. Nauyin ya zama biyu ke nan, ga ɗan fari ga sunan uba. Abokan yaron Ubi suke ce masa. Harun kuwa bai taɓa buɗe baki ya kira sunan ba. "Kai," yake cewa, ko "yaron nan." Ƙanwar yaron, Marwa, ita ake ɗagawa sama ana yi mata waƙa.

Kulob ɗin ya fara ne kamar wasa. Wani zauren wasanni na ƙaramar hukuma a unguwar Ardwick da ba kowa a ciki ranar Asabar da safe, ƙwallo biyu, da yara 'yan kaɗan da iyayensu ke so a raba su da yawon titi. Kafin a ankara wurin ya cika. Akwai 'ya'yan Somaliyawa, da na mutanen Jamaika, da na Pakistan, da Turawan unguwa, da namu. Mutumin da ya fi tsaya masa shi ne Dung, direban bas ne ɗan Jos. Sun haɗu ne ranar da Harun ya shiga bas ɗinsa ya ji shi yana yi wa wani mai keke faɗa ƙasa-ƙasa da Hausa. Harun ya ce, "A yi haƙuri, direba." Dung ya waiwayo yana dariya, tun daga ranar ba su rabu ba. Dung ne mai kai yara wasa a tsohuwar motarsa. Matarsa Monica kan aiko da gwaten acca da Kirsimeti, Zubaida ta rama da waina da miyar taushe da sallah. Ɗansu Nyam sa'an Ubaidullah ne, tare suka fara jifan kwando tun ƙwallon ta fi ƙarfin hannuwansu.

Da suka kai ajin ƙarshe na sakandare, duk mai bin wasan yara a arewacin Ingila ya san su biyun. Nyam ya miƙe ya fi kowa tsawo, ga ƙirji, in ya tsaya a ƙarƙashin kwando sai dai a zagaye shi. Ubaidullah bai kai shi jiki ba, amma shi ne mai riƙe ƙwallo, shi ke raba ta. Yana ganin inda abokinsa zai tsaya tun abokin bai motsa ba, ga shi da jifa daga nesa. Ba a banza ya samu ba. Ko ana yayyafi za ka gan shi a filin unguwa shi kaɗai, hula a kai, yana jefawa yana ɗaukowa.

Harun ya fi kowa sanin abin da Allah ya ba yaron. Wani lokaci yaron zai miƙa ƙwallo da wani irin fasin da zai sa tsigar jikinsa ta tashi, sai ya sunkuya kamar yana ɗaure igiyar takalmi don kada a ga fuskarsa. In ya ɗago, abin da zai fito daga bakinsa shi ne, "Bakwai, koma baya ka tsare." Da lambar rigarsa yake kiransa a fili. Sauran yaran yakan dafa kafaɗarsu, ya kira sunansu, ya ce sun yi ƙoƙari. Sai in sun koma gida ya rufe ƙofar ɗaki zai ce wa Zubaida, murya ƙasa, "Yau fa yaron nan ya yi abin mamaki."

"To ka faɗa masa mana, Baban Marwa."

"Ai ya sani."

Akwai wani wasa da ake yi sau ɗaya a shekara a Birmingham, wajen ƙarshen zangon karatu. Wasan taurari ake ce masa. Ana tsamo fitattun 'yan sakandare daga ko'ina a ƙasar, a raba su gida biyu, Arewa da Kudu, su kara. Ba kofi ake nema a ciki ba. Abin da ke kai yara can shi ne masu kallo: koci-koci na jami'o'i da manyan kulob-kulob, har da wasu daga Amurka, waɗanda ba su zo ba kuma suna kallo ta intanet. Yaron da ya haska a wannan rana yana iya samun gurbin karatu kyauta. Tun da aka kafa kulob ɗin Ardwick ba a taɓa ɗaukar ɗan wasansu ba.

Wata ranar aiki da azahar, Harun yana zaune a kantin asibiti yana cin abinci, wayarsa ta yi ƙara. Wata Baturiya ce mai suna Bethany, tana cikin kwamitin da ke zaɓen 'yan wasan Arewa. Ta yi masa magana a sake, kamar sun daɗe da sanin juna. Ta ce saura gurbi ɗaya, kuma kwamiti ya tsaya a kan yaransa biyu, Nyam da Ubaidullah. Sun kalli wasanninsu, ra'ayi ya rabu, amma yawanci sun fi karkata ga mai lamba bakwai.

"Kai kake ganinsu kullum," in ji ta. "Na san ɗaya ɗanka ne, wannan ba matsala ba ce a wurinmu. Faɗa mini gaskiya kawai, wanne ya fi shiri?"

Harun ya ajiye cokali. Amsar tana bakinsa, ya san ta kamar yadda ya san sunansa. Amma sai ya ji kamar duk mutanen kantin sun yi tsit suna jiran su ji ko zai ce ɗana. Ya hango fuskar Dung, mutumin da ya ƙona mai da lokacinsa shekara da shekaru saboda kulob ɗin nan. Ya hango iyayen yara suna cewa, ashe dama don ɗansa ya tara mu. Ya ce wa kansa Ubaidullah yana da kai, ko ba ƙwallo zai yi karatu, Nyam kuwa wannan ce ƙofarsa. Ya kuma ce wa kansa, yaro mai irin wannan baiwa ai ba zai ɓuya ba, wani zai gan shi a wani wurin.

"Nyam," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Nyam ya fi shiri."

Da ya kashe wayar har wani sanyi ya ji a ransa, irin na wanda ya sauke nauyi. Bai gaya wa kowa ba, ko Zubaida.

Ranar Asabar ya tara yara a tsakiyar fili ya ce an ɗauki Nyam. Zauren ya kaure da ihu. Ubaidullah ne ya fara rungume shi, ya ɗale bayansa suna dariya. A mota da za su koma gida Ubaidullah yana kallon taga ya ce da Turancinsa na 'yan Manchester, dogaye suke nema a irin wannan wasa, ya gane. Ya tambaya ko za a tafi da shi ya mara wa Nyam baya. Harun ya ce za a tafi.

Suka ɗunguma a motar Dung, Monica a gaba da kular shinkafa a cinya, Harun da Zubaida da Marwa a tsakiya, samarin a baya suna jin kiɗa da abin kunne ɗaya, kowa da ɓari. Zauren Birmingham ya ninka nasu sau da yawa. Katako yana sheƙi, fitilu ta ko'ina, ana kiran sunan kowane yaro da lasifika yana fitowa da gudu ana tafi. Da aka kira Nyam sai Monica ta rufe fuska da gyale tana kuka. A layin gaba kuwa ga waɗanda aka zo dominsu, zaune da rigunan jami'o'insu, ba sa tafi, kallo kawai suke yi.

Nyam ya yi wasa mai kyau. Ya tare jifa, ya ƙwato ƙwallo a sama, sau ɗaya ma ya danna ta cikin kwando da hannu biyu har ƙarfen ya girgiza. Amma Harun koci ne, idonsa bai bar shi ya ji daɗi ba. 'Yan Arewa ba su da mai raba ƙwallo. Kowane yaro in ta zo hannunsa sai ya riƙe, yana so a gan shi. Sau da yawa Nyam zai kuɓuce ya ɗaga hannu shi kaɗai a ƙarƙashin kwando, ba mai ganinsa. Duk lokacin da hakan ta faru sai Harun ya ji Ubaidullah a gefensa ya motsa, kafaɗarsa ta yi gaba, yatsunsa sun buɗe. Kudu suka yi nasara da tazara mai yawa.

Bayan an tashi, jama'a suka sauko fili ana ɗaukar hotuna. Nan Bethany ta gano su, wata 'yar gajeriyar mace mai fara'a, da katin ma'aikata rataye a wuya. Ta gaisa da Harun, ta yaba wa Nyam, sannan ta juya ta ga Ubaidullah.

"Kai ne lamba bakwai," ta ce, ta miƙa masa hannu. "Yau mun yi kewar irinka. Ni kai na so, ka sani. Amma babanka ya ce abokinka ya fi shiri, kuma wa zai yi gardama da kocin da ya raine ku? Ba kowane uba ne zai iya wannan ba."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Har ta ɗan dafa hannun Harun kafin wani ya kira ta ta wuce.

Ubaidullah bai kalli ubansa ba. Ya ce wa bayanta ya gode, ya karɓi wayar Monica ya ci gaba da ɗaukar su hoto, yana ce wa Nyam ya ɗaga rigar sama a ga lambar. Zubaida ce ta kalli mijinta, kallo ɗaya, ta ɗauke kai. Dung kuwa ya tsaya baki buɗe, sannan ya kama hannun Harun da hannu biyu.

A hanyar komawa samarin ba su raba abin kunne ba. Nyam ya yi ta satar kallon abokinsa, shi kuwa ya jingina kai da gilashi ya rufe ido.

Washegari da hantsi Zubaida ta sami Harun a falo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Nan fa ba Zariya ba ce, Baban Marwa. Karar da ka yi, ni na gane ta, Dung ya gane ta. Shi wa ya koya masa? Abin da ya ji kawai shi ne an tambayi ubansa, ubansa ya ce bai isa ba. Tashi ka same shi."

Ya same shi a kicin yana wanke kofi. Harun ya ja kujera ya zauna, ya fara bayani da Hausa, in ya ga kamar maganar ta yi wa yaron nauyi ya juya Turanci. Ya ce a inda suka fito mutum ba ya zaɓar nasa. Ya ce in da ya ambaci ɗansa, da ba zai iya haɗa ido da Dung ba. Ya ba shi labarin kakansa mai sunansa, da bulalar da ake fara yi masa, da ranar da ya zo na ɗaya aka miƙo masa littafi ana kallon gefe. Ya ce shi bai taɓa shakkar cewa mahaifinsa na sonsa ba.

Yaron ya saurara har ƙarshe, bai katse shi ba. Ya kife kofin, ya goge hannu. Sannan ya yi magana da Hausarsa mai ɗan karkata, wadda ba ya cika yi sai da uwarsa.

"Baba, ya juya fuska. Amma ya ba ka littafin, ko?"

Harun ya sunkuyar da kai.

"Bai ba wa wani ba," in ji yaron.

Ya jira ko uban zai ce wani abu. Da bai ce ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "It's fine, Baba," ya fita. Harun ya daɗe zaune a kicin ɗin. Shekara da shekaru yana ba da labarin nan, bai taɓa lura da wannan gefen nasa ba.

Ubaidullah bai yi fushi irin wanda ake gani ba. Da ma ya yi, da an san inda za a kama. Ya ƙarasa wasannin da suka rage wa kulob, ya yi abin da aka ce ya yi, ba ƙari. Fasin nan masu tayar da tsigar jiki suka ɗauke. Harun ya yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da ya iya. Ya harhaɗa bidiyon wasannin yaron ya aika wa koci-koci, har wata jami'a a Ingila ta ce ya zo gwaji. Da ya gaya masa sai yaron ya ce jarrabawa ta matso, ba shi da lokaci. Bayan jarrabawa ya tattara takalmansa na wasa ya ba wa wani ƙaramin yaro a kulob.

Nyam kuwa wata ƙaramar kwaleji a Amurka ta ɗauke shi. Kafin ya tafi aka yi masa liyafa a zauren cocinsu, aka gayyaci Harun da iyalinsa, aka ba su teburin gaba. Dung ya karɓi makirufo, ya yi godiya ga Allah, sannan ya juyo.

"Ku dubi mutumin nan da kyau," ya ce. "Musulmi ne, ni Kirista. An ce masa ga ɗanka, ga ɗan Dung, zaɓi ɗaya. Ya ajiye nasa ya ɗauki nawa. Ni ban san ko zan iya ba."

Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi, mata suna guɗa. Irin maganar da Harun ya taso yana jin ana yi a kan mahaifinsa ce, yau ga ta ana yi a kansa, a gaban mutane. Ya nemi daɗin a ransa bai same shi ba. Can ƙarshen zaure ya hango Ubaidullah yana taya matasa raba lemo, yana bi tebur-tebur da tire, bai ɗago ba. Labarin ya zagaya gari. Aka riƙa ba da shi a wajen suna da ɗaurin aure, wani lokaci a gaban yaron, har a dafa shi a ce ya yi sa'ar uba.

Da sakamako ya fito, Ubaidullah yana da damar yin jami'a a Manchester ya zauna a gida. Ya zaɓi Birmingham. Ya karanta aikin duba ido, ya gama, ya samu aiki a wani shagon tabarau, ya kama gida a unguwar Sparkbrook. Can ya haɗu da Inaya, iyayenta 'yan Katsina ne, aka yi biki lafiya. Bai taɓa yanke zumunci ba. Duk Juma'a yana kira, ya gaida uban da ladabi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi ko ya ga likitansa, sannan ya ce a ba shi Mama, a nan ne za a ji dariyarsa ta fito ta waya. Zancen ƙwallo ne kawai ba ya shiga. In uban ya ɗauko, sai ya ce, "Allah sarki," ya kawo wata maganar.

Nyam ya yi shekarunsa a Amurka, bai zama shahararre ba, amma ya dawo da digiri, yanzu yana koyar da wasanni a wata sakandare. Shi ne ma ya karɓi kulob ɗin Ardwick da gwiwar Harun ta hana shi tsayuwa mai tsawo. Yana girmama Harun kamar uba. Shi da Ubaidullah sukan gaisa da sallah da Kirsimeti, amma abotar ba ta koma yadda take ba, kuma ba wanda ya yi wa wani laifi a cikinsu. Harun ya sha zama ya auna abin. Wataƙila da Ubaidullah ya je ba wanda zai ɗauke shi. Wataƙila da ya ji rauni a shekarar farko, irin tasa gwiwar. Aikin da yake yi yanzu mai kyau ne, matarsa ta gari ce. Duk wannan gaskiya ne, amma ba ya rage komai, domin ba makomar yaron Bethany ta tambaye shi ba. Wanne ya fi, ta ce, shi kuma ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne.

A bara ne Marwa ta yi suɓul da baka. Suna cin abinci ta ce Yaya ya murɗe ƙafa a wajen ƙwallo. Harun ya ɗago.

"Wace ƙwallo?"

Ta kalli uwarta. Ashe Ubaidullah ya fi shekara yana wasa, duk Lahadi da rana, shi da wasu abokan aiki da maƙwabta, a wani zaure kusa da Stratford Road. Kowa a gidan ya sani, ban da Harun.

Harun ya ci gaba da cin abincinsa. Bayan 'yan makonni ya shirya ziyara, ya hau jirgin ƙasa ranar Asabar, ya kwana a gidansu. Inaya ta yi masa tuwon shinkafa, ta ba shi ɗakin da ya fi ɗumi. Ranar Lahadi bayan azahar sai ga Ubaidullah ya sauko da gajeren wando a ƙarƙashin dogo, jaka a kafaɗa. Harun yana zaune a falo, ya riga ya sa takalmi, hularsa a gwiwa.

"Fita za a yi?"

"E, Baba. Ɗan motsa jiki ne, ba zan daɗe ba."

"Ko in raka ka? Na gaji da zama."

Ubaidullah ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Ba ɓacin rai a fuskarsa, ya dai yi ɗan tunani.

"Ba wurin zama a can, Baba, tsayuwa ce. Gwiwarka za ta dame ka. Kuma ba wani wasa ba ne, tsofaffi ne kawai muke haki."

"To, ba laifi. A dawo lafiya."

Ya cire takalmin. Inaya ta kawo masa shayi, ta zauna tana yi masa hira a kan aikinta da tsadar haya, yana amsawa. Ta taga yana ganin bas-bas suna wucewa, da mata masu jan keken jarirai suna shiga shagunan atamfa.

Wajen la'asar Ubaidullah ya dawo jiƙe da gumi, ya zube a kujera yana kwance igiyar takalmi.

"Kun ci?" in ji Harun.

"Ina fa. Sun cinye mu a ƙarshe." Ya yi 'yar dariya. Sai kuma, kamar ya manta da wa yake magana, ya gyara zama ya fara nunawa da hannu. Akwai wani Tomas a cikinsu, ɗan Poland, mai aikin famfo, ƙato ne amma ba ya kallon ƙwallo. Ya ce ya yi kamar zai jefa, masu tsaro biyu suka taso masa, ya zura ta ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ta tafi daidai hannun Tomas, sai ta bugi mutumin a ƙirji ta fita waje.

Harun ya ga fasin a idonsa sarai, kamar yana wurin. Gyara ya zo masa baki, irin na koci, cewa mutum irin Tomas sai an buga masa ita a ƙasa ta taso. Ya haɗiye.

"Fasin ya yi," ya ce. "Laifin mai karɓa ne."

Ubaidullah ya dube shi na ɗan lokaci. Ya gyaɗa kai, ya ce bari ya watsa ruwa kada su makara. Shi ya kai shi tasha, ya riƙe masa jaka har bakin jirgi, ya ce a gaida Mama, ya ce ya riƙa shafa maganin gwiwar. Bai ce ya dawo wata Lahadin ba, Harun kuma bai tambaya ba.

Har yanzu yana Rusholme, saura kaɗan ya yi ritaya daga asibiti. Wata Asabar yakan leƙa Ardwick ya zauna a benci yana kallon Nyam da yara. Duk shekara in lokacin wasan taurari ya zo, Nyam yakan ce akwai wuri a mota, Koci ya zo a tafi. Yakan ce tafiyar ta yi masa nisa.